Dantsen Ɗan Mai Ƙwai

Inna,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya ɗan rigimata? Ni lafiya lau a ƙasar mutane, sai kumburin ƙafa, kada ki damu.

Aikin namu kullum muna kasuwa, muna tambayar farashin wake da ƙwai, muna auna dantsen yara mu ga ko abinci na isarsu. Jiya wata mai ƙwai ta ce mini, "Baiwar Allah, kin sake dawowa? Ai awo ba ya sa ƙiba." Ga ƙwai cike a gabanta, ga ɗanta kamar tsinke.

Don Allah Inna, kada ki kai ƙwan kajinki duka kasuwa. Ki riƙa dafa wa yarona. Allah ya bar mana ke.

'Yarki