Rasuwar Malama Rumyana da Ƙofofi Goma Sha Ɗaya da Ba Mu Sani Ba

Cikin alhini da mutuwar jiki, Ƙungiyar Masu Karatu a Gida, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Laburaren Birnin Yasenovgrad, ta samu labarin rasuwar Malama Rumyana Ilcheva, babbar jami'a mai kula da sashen kai littattafai gida-gida a reshen Unguwar Tasha, wadda Allah Ya karɓi ranta ranar Talata da hantsi, tana da shekara sittin da ɗaya, sakamakon bugun zuciya da ya same ta a tashar bas, jakar littattafai na hannunta. Labarin bai iso gare mu ba sai ranar Juma'a, domin mu mutane ne da labarin gari ba ya shigo mana sai ta bakinta.

Marigayiyar ta yi wa laburaren birnin nan hidima ta shekara talatin da takwas. Ta fara ne a ɗakin jaridu, daga baya ta riƙe zaman tatsuniya na safiyar Asabar, kuma ita ce ta matsa wa hukuma lamba har aka buɗe ajin koya wa tsofaffi kwamfuta, aka kuma amince a bar ɗakin karatu na ƙasa a buɗe da ɗumi lokacin sanyi ga duk wanda yake son ya zauna, ko da ba karatun ya kawo shi ba. Waɗannan ayyuka suna nan, kuma Mai Girma Daraktar Laburare, Dakta Boryana Tasheva, ta tabbatar mana cewa za su ci gaba. Amma aikin da muka san ta da shi, mu da ƙafa ta daina kai mu ko'ina, shi ne na shekaru goma sha tara na ƙarshe, da take jan jakarta mai taya tana hawa benayen da ba su da na'urar hawa, tana kai wa kowannenmu littattafai sau ɗaya a mako biyu, masu manyan baƙaƙe ga masu raunin ido, na saurare ga waɗanda idon ya tafi gaba ɗaya.

Jama'a su sani cewa tsofaffi irinmu muna manta abin da muka karanta. Saboda haka kowannenmu yana da 'yar alamarsa da yake yi da fensir a ƙasan shafi na talatin na duk littafin da ya gama: wani ɗigo uku, wata kifi, wani makulli. Dokar laburare ta hana rubutu a littafi, marigayiyar kuma ta san dokar fiye da kowa, amma da alamun nan take aiki. Kafin ta ɗaure wa mutum ƙunshinsa takan buɗe shafin ta duba. Ni mai sanya hannu a wannan saƙo na taɓa yi mata gardama cewa wani littafin tarihin jiragen ruwa ban taɓa ganinsa ba, sai ta buɗe ta nuna mini, ta ce, "Baba Zahari, ga tsuntsunka nan har biyu. In kana son na uku ka faɗa, ba sai ka yi mini ƙarya ba." Haka take magana da mu, kuma ba mu da wani mai yi mana magana haka. Ba ta taɓa rubuta alamar kowa a takarda ba. Ta ce abin da ba a rubuta ba, ba za a tuhumi kowa da shi ba.

Ƙungiyar tana miƙa ta'aziyyarta ga mijinta, Malam Kostadin Ilchev, da 'yarta, Malama Desislava, da ɗanta, Malam Plamen, wanda ya taso daga ƙasar waje bai tarar da ita ba, da jikokinta uku, da Mai Girma Darakta da dukan ma'aikatan rassa huɗu na laburaren birni. Muna roƙon Allah Ya jiƙanta, Ya ba ta hutawa, Ya ba iyalinta ƙarfin zuciya da juriyar wannan rashi. Muna kuma neman afuwar iyalin, domin babu ko ɗaya daga cikinmu da ya iya zuwa coci ko makabarta, kuma ba ma jin za mu iya zuwa addu'ar kwana arba'in.

Akwai wani al'amari da ya zama dole mu sanar da jama'a a cikin wannan saƙo, ko da yake ba wurinsa ba ne, domin ba mu da wata hanya. Rajistar sashen tana ɗauke da sunayen mutum talatin da huɗu. Bayan rasuwar, da aka kwance jakar marigayiyar, an tarar da ƙunshi tara, huɗu ne kawai aka gane masu su. Da aka duba katin aronta na kanta, sai aka ga ta daɗe tana aron littattafai da yawa da sunanta. Ma'aikata suka sauko da waɗanda aka riga aka dawo da su, suka buɗe shafi na talatin, ni kuma na kira duk wanda ke cikin rajista ta waya na tambaye shi alamarsa. Bayan kowa ya ɗauki tasa, alamu goma sha ɗaya sun rage ba masu su.

Malam Kostadin ya shaida mana cewa ya san tana zuwa wasu gidaje bayan an tashi aiki, kuma ta taɓa gaya masa dalili. Shiga rajista yana buƙatar takardar likita mai cewa mutum ba ya iya fita, wasu tsofaffin kuwa suna tsoron takardar, kada 'ya'yansu su riƙe ta hujja su kai su gidan tsofaffi. Waɗannan ne take ara wa da katinta. Ya ce ya tambaye ta sunayensu sau ɗaya, ta ce masa ya ci abincinsa kafin ya huce. Ni ma na taɓa tambayarta wane ne mai alamar tsani, domin kusan duk littafin da ya zo hannuna ya riga ni karantawa. Ta ce, "Tsoho, littafi nake ɗauka a jakar nan, ba gulma ba." Tsanin yana cikin goma sha ɗayan.

Yau kwana tara ke nan da rasuwarta. Ranar zuwanta ga wasunsu ta wuce, ta sauran tana tafe, kuma iyakar saninmu ba wanda ya gaya musu. Ba mu san ko akwai mai leƙa su ban da ita ba. Shugabannin ƙungiya mun yi taro ta waya mu huɗu, ƙaraminmu yana da shekara saba'in da tara, muka yi ta magana har muka gaji, ba mu samu abin da za mu iya yi da kanmu ba. Mai Girma Darakta ta yi alkawari cewa duk wanda ya bayyana za a ci gaba da kai masa littattafai ba tare da an nemi takardar likita ba, kuma ba za a sanar da kowa nasa ba. Sai dai alkawarin ba zai amfane su ba idan bai shiga kunnensu ba, su kuwa jarida ba ta zuwa musu, sanarwar rasuwa da aka manna a ƙofar laburare da jikin bishiyoyi ma ba za su gan ta ba.

Don haka muna roƙon mazauna Unguwar Tasha da unguwannin da ke bayan kasuwa: duk wanda ya saba ganin wata mata mai furfura da koriyar jaka mai taya tana hawa benensu, ya yi ƙoƙari ya tuna hawa na nawa take tsayawa, ya je ya buga ƙofar, ya faɗa a hankali cewa Malama Rumyana ta rasu, ba mantawa ta yi ba, sannan ya sanar da reshen laburare mafi kusa. Wanda ya buga kuma bai ji motsi ba, don Allah kada ya juya da wuri. Mukan daɗe kafin mu iso ƙofa.

Sa hannu:
Zahari Pehlivanov,
Tsohon Malamin Makaranta,
Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Masu Karatu a Gida,
Hukumar Laburaren Birnin Yasenovgrad.