Bangon ɗakin ƙasa na Kawu

Gaya, daren Laraba, 14 ga Mayu

Yau a shantiye, wurin ginin, Baba Hamidu magini ya daɗe yana kallon zanen da na yi wa gidan Kawu Idi, sannan ya ce, "'Yata, kankaren bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasan nan a ina ya tsaya?" Na ce mita ɗaya, sai bulo. Ya nuna mini shaidar ruwan bara a katangar maƙwabci, daidai gwiwata. Na ce ai na sani, har da ɗaga murya, Allah ya yafe mini.

Da na buɗe ordinater, wato kwamfuta, na ga ɓarnar. Ni daga doron ƙasa nake ƙirga mitan, manhajar kuwa daga daɓen ɗakin take farawa, can cikin rami. Wato bulo zai zauna cikin ƙasa yana shan ruwa, jingine da buhunan shinkafar Kawu! Na ɗaga kankaren zuwa mita uku da rabi. Bangon gabas sau uku yana komawa yadda yake a manhajar, sai da na raba shi da na sama.

Gobe da asuba za su kafa katakon zuba kankare, wayar Baba a kashe, tsohon zanen kuma yana aljihunsa. Kawu ya gama gaya wa duk kasuwa 'yar ƙanwarsa ce ta zana.

Zan riga su isa, in durƙusa gaban tsohon da bai taɓa riƙe ordinater ba, in ce shi ke da gaskiya.