Ragar Baba da Kuka Ara

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando a nan Makka, da 'yan majalisarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce Hafsatu, 'yar Malam Idi Mai Raga na unguwar Hindawiyya. Na yi ta sintiri ofishinku, kullum sai a ce mudir, wato shugaba, ya fita, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na farko, ku san ko wane ne Baba. Bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba. A bakin tafkin Cadi ya koyi saƙar ragar kamun kifi, kafin iyayensa su taho da shi ta Sudan. Tun ƙungiyar nan tana wasa a filin siminti, shi yake saƙa mata ragar kwando da hannunsa, da ƙullin masunta wanda ba ya zamewa. Ranar da kuka ɗauki kofinku na farko, kyaftin ya yanke ragar ya rataya masa a wuya. Ina kan kafaɗar kawuna na gani. Ranar nan matan unguwar Mansur kyauta suka raba waina.

Na biyu, Baba ya makance. Ragar nan ce abokiyar hirarsa. Yana bin ƙulle-ƙullenta da yatsa kamar carbi, yana ba jikokinsa labarin 'yan wasan da. Yaran, Larabci ya fi musu sauƙi, a kan ragar nan kawai suke zama su saurari Hausarsa. Da ma'aikatanku suka zo aronta don sabon ɗakin tarihi, ya ƙi. Ni na lallashe shi. Ni na zare ta daga hannunsa, na sa ta a tsohon buhun shinkafa, don shi na samu kusa.

Na uku, ranar buɗewa na riƙo hannunsa muka je. Cikin gilashi raga ce fara ƙal, 'yar kanti, an rubuta a ƙasanta wai ta kofin farko ce. Baba ya roƙa a bar shi ya taɓa, mai gadi ya tausaya ya buɗe. Ƙulli biyu ya shafa ya janye hannu.

"Wannan ba ɗaurina ba ne."

Na ja shi muka koma gida. Daga baya wani mai shara ya gaya mini an ga buhun an ɗauka tarkace ne, bai sani ba ko yana sito ko an zubar.

Laifin buhu nawa ne, kuma yana cina. Amma amana taku ce. Don Allah ku duba siton. In ta salwanta, ku cire ƙaryar da ke cikin gilashin, sannan ku zo Hindawiyya ku faɗa masa da bakinku, ni na kasa. Na ce masa wanki aka kai ta. Kullum in na kawo masa shayi sai ya ce in tuna muku kada a sa mata ruwan zafi, zaren ya tsufa.

Allah ya ƙara wa ƙungiyar nan kofuna, ya ba ku masu riƙe muku amana ranar da idanunku suka gaji.

Wassalam.

Hafsatu Idi, Hindawiyya.