Rigar da Ta Ƙi Zama a Gefen Hagu

Anti, don Allah ki taimake ni. Riga ɗaya tal ta hana ni sakat, kuma na rasa wanda zan faɗa wa bai yi mini dariya ba.

Tikiti nake sayarwa a tashar mota. Idan layi ya tsinke sai in jawo tsinkayen saƙata daga ƙarƙashin kantar tagar tikiti, har direbobi na tsokanata wai wata rana zan saƙe tagar gaba ɗaya. To Yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ta ga hoton wata 'yar riga marar nauyi ta lokacin zafi, ta ce tana so. Matar da ko allura ba ta taɓa roƙona ba! Jiki na rawa na sayi zaren auduga, na auna ta, na bi samfurin saƙar da ke tare da hoton layi bayan layi.

Da ta gwada, gefen dama ya zauna cif, na hagu kuwa ya ɗame daga hammata zuwa ƙirji har ana hango shimi. Na ce laifin hannuna ne, don na san ina matse zare idan fasinja ya ɓata mini rai. Na warware, na ƙara idon saƙa a wannan gefen. Da muka sake gwadawa, wurin dai ya ƙara ɗamewa, kafaɗa da ƙugu kuma da suka yi daidai a da sun yi mata yawa. Zaren nan duk ya yamutse saboda warwara.

Shekaranjiya na shiga ɗakinta da tef. Ina zagayo da shi ƙarƙashin hannunta na hagu ta ɗauke numfashi, ta ture ni, ta ce in bar rigar, ta fasa. Amma yatsuna sun riga sun taɓa wani abu mai tauri a wurin. Sai yanzu nake tuna ta daina ɗaukar bokiti da wannan hannun, kuma sai ta sa sakata take canza kaya.

Gabana faɗuwa yake yi. Ko samfurin ne ba a yi shi don irin jikinmu ba? Yaya zan gyara?

Mai Saƙar Tasha

Ƙanwata,

Bari mu fara da rigar. Samfuri don jikin kowa aka yi shi, saboda haka ba ya zama daidai a jikin kowa. Kullum ki fara saƙa ɗan ƙyalle, ki wanke shi, ya bushe, sannan ki auna, don auduga na saki. Ƙarin faɗi kuma a ɗinkin gefe ake raba shi, dama da hagu. Gaskiya ne jikin mace ba ya zama daidai wa daida, kuma hannu mai fushi na matse zare.

Amma fushin fasinja ba ya zaɓar wuri ɗaya sau biyu, ba ya kuma rage ƙugun mutum. Hannunki lafiyarsa ƙalau, kuma ina jin kin sani, shi ya sa kika rubuto.

Ni ba likita ba ce. Ƙulli a hammata sau da yawa ba wani abin tashin hankali ba ne, wani kuwa ba ya jira. Yayarki ma tsoro take ji, ta saba ita ce mai riƙo, ba wadda ake riƙewa ba. Kada ki yi mata faɗa, kada ki tara mata dangi. Ki zauna kusa da ita ki faɗa mata abin da yatsunki suka ji, ki nemi wanda zai tsaya miki a taga, ku je asibiti cikin makon nan. Idan ta ƙi, ki koma washegari.

Rigar kuwa ki bar ta a kan tsinke, kada ki ƙara ido ko ɗaya, don duk wanda kika ƙara taya ta ɓoyewa kike yi. Allah ya ba ta lafiya, ta sa rigar nan har ta tsufa a jikinta.

Antinku