Ramin Takin Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu ma lafiya, sai dai lamarin Inna ya hana ni sukuni.

Ka tuna ramin takin da marigayi Baba ya haƙa a bayan gida, da dokarsa: ɓawon albasa da sauran tsince-tsincen kicin a ƙasa, busasshen ganye a sama, sai ɗan toka. Maiƙo da nama kuwa haram. Inna ce mai tsaron dokar, kunnenka shaida ne. To, Innar nan ce yanzu take juye tukunya guda a ciki, da miyarta da namanta. Na yi magana, ta ce Baba ne ya ce ramin na jin yunwa.

Takin ya jiƙe sharkaf, ya yi ɗoyi, ɓeraye sun mai da shi gidan ubansu. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya kawo ƙara, sun cinye masa yadin mutane. Tsoro nake ji, Yaya, mantuwar nan ba ta tsufa kawai ba ce.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa, ya jikin matarka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na bi shawararka. Ranar da aka kai Inna asibiti na sa aka cike ramin, aka daɓe wurin. Wari ya tafi, tela har da godiya. Amma daga nesa ka yanke hukunci, ni ce nake kallon abin da ya biyo baya.

Kullum da safe sai ta fito da kwanon ɓawo, ta zagaya bayan gida, ta tsaya turus. Ba ta faɗa, ba ta kuka, tsayawa kawai take har rana ta yi zafi. Abinci ma ta rage ci. Ashe ramin ne yake tuna mata gari ya waye.

Na ari shebur, gobe zan tone shi, in ya so mu zauna da ɓerayen. Kada ka aiko saƙo, ka zo da ƙafarka. Jiya da na karɓi kwanon daga hannunta ta gode mini ƙwarai, sannan ta tambaye ni 'yar gidan wa ce ni.

Taka,
Auta