Kusurwar Hagu ta Zanen

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da ƙannena. Yaya gwiwa? Don Allah ka riƙa shafa maganin da na aiko, kada ka ajiye shi a kan taga kamar wancan.

Baba, na yi wani abu da na kasa faɗa maka a waya.

Ranar Laraba shugabar ofishinmu ta kai mu gidan adana zane-zanen tarihi, inda ka yi gadi shekara ashirin da shida. Ban taɓa gaya wa kowa a wurin aiki ba. Muna shiga ɗaki na uku, matar nan mai gyaran tsofaffin zane-zane ta tsaya tana kallona, ta tambaye ni ko ni ce 'yar mai gadinsu. Na ce a'a, kama ce kawai. Da bakina na faɗa, a gaban mutum takwas.

Ba ta musa ba. Ta kai mu gaban zanen matar da ke ɗinki a bakin taga, wanda ya haura shekara ɗari uku. Ta ce masana sun zo sun tafi, kowa na cewa kusurwar hagu duhu ce kawai. Mai gadi ne ya dage akwai wani abu a ƙarƙashin baƙin, don idon matar ba kan allura yake ba, can take kallo. An daɗe ana yi masa dariya. Bana suka wanke dattin a hankali, sai ga jariri a cikin kwando.

Abokan aikina suna ta yaba mai gadin, ni kuwa takalmina nake kallo. Da wannan tsayuwar gadin ka biya mini kuɗin makaranta, Baba. Ka yafe mini.

A gaida Inna.

'Yarka, wadda kake kira Uwata

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi.

Takardarka ta iso. Na karanta sau uku ina neman faɗa, ban samu ba. Tambaya ɗaya ce a ciki: jaririn barci yake ko idonsa biyu? Sai a nan na tuna ka bar aiki kafin a wanke zanen. Ni na ga abin da ka gano, kai ba ka gani ba.

Na koma ni kaɗai, na tsaya inda kake tsayawa, wurin da daɓe ya ɗan goge. Idonsa biyu, Baba. Ya miƙo hannu ɗaya waje, yatsun kamar wake. Uwar ta tsayar da allura, zaren bai gama fitowa daga ƙyallen ba, ka ce yanzu za ta tashi. Minti arba'in na yi ƙafata ta gaji, kunya ta sake kama ni.

Na nemi mai gyaran na ba ta haƙuri. Ta ce tun farko ta san ni ce, goshinka ne da ni.

Washegari na shiga wurin shugabarmu na gaya mata gaskiya. Ta ajiye biro, ta tambaye ni me na zata za ta ce.

Ranar Asabar zan zo in ɗauke ka. Mai gyaran ta ce za ta ajiye maka kujera a gaban zanen. Na san za ka ce ba a zama a ɗaki na uku, amma ka zauna.

Ka huta lafiya.

'Yarka, Uwata