Layi Goma Sha Bakwai da Na Goge

Ni, Warwick Halloran, na rubuta wannan da hankalina garau, ba maganin asibiti ke magana ba. Huhun ne ya gaji, kan yana nan daram. Na ce wa nas ta miƙa muku gobe, 'ya'yana Kieran da Narelle, ko ina numfashi ko babu.

1. Gidanmu na Armidale naku ne ku biyu. Kwalekwalen na Kieran ne, duk da bai taɓa kama kifin da ya kai tafin hannu ba. Tsohuwar kwamfutata ta Narelle ce.

2. Rigimarku ta ishe ni. Kieran, tun Kirsimeti kake matsa wa ƙanwarka ta karɓi aikin rubuta manhaja a Sydney irin naka, har ka ce masu nazarin alƙaluma bokaye ne masu digiri. Ita kuma ta ce kai birkila ne, a zana maka ka ɗora bulo. Na yi dariya a ranar, amma yau wata huɗu ko gaisawa ba kwa yi. Ranar Juma'a za ta ba masu aikin na Sydney amsa, kuma na san sana'ata take so, nazarin alƙaluma, don tana ganin ubanta gwani ne. Shi ya sa dole in faɗi abin da na ɓoye.

3. Shekara goma sha ɗaya ke nan, wata hukuma ta ba ni aikin jera unguwannin da za a fara kwashewa idan kogi ya cika. A sana'armu, layin da bayanansa ba su cika ba a fayil ɗin kwamfuta gogewa ake yi, mu ce shara ce. Na goge layi goma sha bakwai, na tashi na haɗa shayi. Ashe gidajen katako ne a cikin kwari, waɗanda ba a taɓa auna tudunsu ba. Lissafi ya fito tsaf, aka yaba mini. Da ambaliya ta zo, jiragen ceto suka bi jerina, ba su kai kwarin ba sai bayan awa tara. Kawunku Des yana cikin layukan nan. A cikin rufin gidansa aka sami gawarsa.

Sai bayan wata biyu na buɗe fayil ɗin na gane. Mahaifiyarku ta rasu ba ta san hannun mijinta na cikin mutuwar ƙanenta ba. Matar Des, Glenys, har yau tana kawo mini miyar kabewa, tana cewa, "Sha mana, Warwick, ka rame kamar sandar shanya." Ina sha, kunya tana cina.

4. Narelle, ban hana ki ba. Amma kuskuren yayanki yana da ƙara, manhaja ta tsaya, kowa ya gani, a gyara. Namu shiru yake fitowa, da kyawunsa, har a tafa maka. Fayil ɗin na asali, wanda ba a goge komai ba, yana cikin kwamfutar. Ki karanta layukan ɗaya bayan ɗaya kafin Juma'a, sannan ki zaɓa. Kieran, duk abin da ta zaɓa, ka ja bakinka ka taya ta haɗa kaya.

5. Ku je wurin Glenys tare ku faɗa mata. Sau uku ina gwadawa ina kasawa. Matsoraci ne ni, na bar muku kayan da ni ya kamata in ɗauka, ku yafe mini.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da za ku iya kwana da shi. Ku riƙe juna, ku riƙe Glenys da 'ya'yanta. In ta rufe muku ƙofa, ku koma wani makon. In kuma ta ce ba za ta zo jana'izata ba, kada wanda ya roƙe ta.